Jar Ƙasar Filin Baba

Tun da na dawo daga Dubai ban huta da tambaya ba. In na zauna a shagona na kayan babur a tambaye ni, in na je majalisa bayan la'asar a tambaye ni, har mai shayin bakin tasha sai da ya tsare ni wai ko gaskiya ne Larabawa na yar da mota in ta yi faci. Na gaji da maimaitawa, kuma kowa ya ji sai ya ƙara nasa gishirin. To ga yadda aka yi. Da farko dai ku sani ba sarin kaya ne ya kai ni ba, ko da yake haka na gaya muku. Inna ce ta tura ni in leƙo mata asirin ƙanena Nasiru.

Nasiru yana aiki ne a ɗakin gwajin jini na wani asibiti a can. Da farko komai lafiya, yana kira, yana aike. Sai wani ɗan kasuwa ya kawo mana hotonsa. A hoton yana tsaye cikin Turawa, duk sun sa riga iri ɗaya mai ratsin kore, kowa riƙe da sanda mai faffaɗan kai kamar muciya. Idon Nasiru ɗaya a kumbure, haƙorinsa na gaba babu, kuma dariya yake yi. Dariyar ce ta fi tayar wa Inna da hankali. Ta ce wanda aka fasa wa baki yana dariya, ba a hayyacinsa yake ba.

Ba mu gama da wannan ba sai Nasiru ya bugo waya, wai in za a samu mai zuwa a aiko masa da ƙasa, cikin hannu ɗaya, daga filin ƙwallon garinmu, abokansa ne suka ce kowa ya kawo ta gida. Inna ta ajiye wayar a kan tabarma kamar ta taɓa garwashi. Ta ce, "Lawal, me ake yi da ƙasar garin mutum in ba kurciya ba? So suke su raba shi da gida har abada." Daga ranar ta daina ɗaga wayarsa. Ta rantse ba za ta ƙara jin muryarsa ba sai na je na gani da idona, in kuwa ƙungiyar asiri ya shiga, to ya nemi wata uwar.

Filin da yake magana a kai, mahaifinmu ne ya tsaya a kansa. Malamin firamare ne, kuma shekara da shekaru duk wanda ya zo da igiyar awo sai ya kore shi, har mutanen gari suka riƙa ce wa wurin Filin Malam Garba. Bayan rasuwarsa ba a daɗe ba wasu masu faɗa a ji suka yanka shi fuloti-fuloti. Ba wanda ya gaya wa Nasiru, don mun san yadda zai ji.

Inna ta yi nata dabarar. Ta sa aka ɗebo mata ƙasar tasha, wadda ƙafar kowa ta taka, ta ƙulle a baƙar leda. Ta ce, "Wannan za ka ba shi. In tsafin za su yi, su yi da ita, ya bi duniya." Na karɓa. Amma Nasiru ya riga ya roƙe ni don darajar Baba, sai na zagaya filin da safe, na tsuguna tsakanin ramin harsashin ginin wani da tulin bulon wani, na cika gwangwanin madara da jar ƙasar nan. Ban yi niyyar ba shi ba. Na dai ce in tafi da duka biyun, in na ga abin da na gani sai in san wadda zan miƙa.

A filin jirgin Kano aka fara. Ma'aikacin da ke binciken jaka ya buɗe gwangwanin, ya dube ni, ya kira abokin aikinsa. Ya ce, "Malam, ƙasa za ka kai wa Larabawa? Su da suke zaune a kan rairayi?" Na ce magani ce. Ya ce na mene ne? Na ce na sanyi. Ya dangwala ya lasa, ya tofar, ya ce in wuce Allah ya sawwaƙe.

Mun yada zango a Addis Ababa, inda sanyi ya kusa kashe ni, aka kuma ba mu wani abinci mai faɗi da tsami kamar wainar da ta kwana. Na ci don yunwa, ina ci ina zargin sun ba mu na jiya ne.

A Dubai kuwa ba wasa. Wani saurayi cikin farar jallabiya ya ga leda da gwangwani a na'ura, ya yafito ni gefe. Na tuna da labarin waɗanda aka ɗaure a kan garin magani. Ya shinshina, ya tafi da su wani ɗaki, ya bar ni a tsaye ina karanta duk abin da na haddace. Da ya dawo ya tambaye ni da Larabci, ni kuma Larabcina na makarantar allo ne, sai na nuna ƙasa da yatsa na ce turabi. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Khalas, yalla," wato shi ke nan, wuce. Waɗannan kalmomi biyu su na fi ji har na baro garin.

Ban gaya wa Nasiru ranar da zan sauka ba, don mai bincike ba ya sallama. Na sauka a unguwar Al Ras wajen Alhaji Isufu, wani Bamaraɗe mai ɗakin ajiyar kaya kusa da kasuwar Murshid. Ɗakin da ya ba ni gadaje ne wani kan wani, ni a sama, na'urar sanyi kuma daidai kunnena tana hura ni kamar nama a firji. Unguwar duk ƙamshin kanumfari da citta take yi, ga masu tura kaya a amalanke suna yi wa mutum tsawa da yaren da bai sani ba. Abinci shinkafar 'yan Pakistan ce mai yaji, har na fara kewar tuwo, sai Alhaji ya hau da ni wani bene inda wata baiwar Allah 'yar Damagaram ke sayar da tuwo da miyar kuka a bayan labule. Ita ma sai da na tambaye ta a ina take samun kukar.

A nan na buɗe wa Alhaji Isufu cikina. Ya suɗe hannu, ya sassauta murya.

Ya ce, "Malam Lawal, bon, ni ba na shiga maganar mutane. Amma na gan shi da idona. Duk Juma'a da sassafe yake fita, da doguwar jaka, kan sanda na leƙowa. Wata rana na gan shi yana ɗingishi. Na ce Nasiru lafiya? Ya ce wasa ne."

Na ce, "Yana zuwa masallaci?"

Ya ce, "Yana zuwa. Amma ai ka san irin waɗannan su suka fi kowa sahun gaba."

Wannan magana ta zauna mini daidai, don abin da nake son ji ke nan.

Ranar Juma'a muka yi sammako muka laɓe kusa da gidan da Nasiru yake haya a unguwar Muraƙƙabat. Ya fito da jakarsa ya shiga tasi, mu ma muka tari wata. Direban ɗan Indiya ne, Alhaji na ce masa shwaiya shwaiya, wato a hankali, kada a gan mu, shi kuwa yana ta kaɗa kai, ban san ko eh yake nufi ko a'a ba. Muka haye ruwa zuwa wancan ɓangaren gari, har wani ƙaton lambun shaƙatawa da ake ce wa Safa. A bakin ƙofa aka ce sai mun yanki tikiti. Na ce wa Alhaji, yau ga garin da ake biya kafin a taka ciyawa, mu da awaki ke cin tamu kyauta.

Muka sami wata bishiya muka ɓuya. Can na hango su, maza da yawa, wasu samari wasu da furfura, da sandunan nan. Suna bin wata 'yar ƙwallo kamar lemun tsami, a ɗauke ta a kan sanda ana gudu, a doke ta sama, a cafe da hannu, sanduna na haɗuwa ƙas-ƙas a daidai kan mutane. Ya fi kama da ƙwallon gora, sai dai wannan na waɗanda suka gaji da haƙoransu ne. A gefe ga mata su ma suna tasu da babbar ƙwallo, su buga da ƙafa su ɗauka da hannu, ba wanda ya hura usur. Na ce wa Alhaji ko dai ba su san dokar ƙwallo ba, ko kuma ƙwallon rufa-ido ce. Ina cikin lissafin wane ne shugabansu, sai wasu ƙananan famfuna suka ɓullo daga cikin ciyawa a ƙarƙashin ƙafafunmu suka fara feshi. Alhaji ya yi tsalle ya bar takalmi ɗaya, ni kuma babbar rigata ta jiƙe sharkaf. Ihun Alhaji ne ya sa aka tsayar da wasa, kowa ya juyo.

Nasiru ya taho da sandarsa a hannu. Ya dube ni, ya dubi bishiyar. Ya durƙusa ya gaishe ni yadda ya saba, sa'annan ya ce, "Yaya, yaushe ka zo?"

Na ce, "Ban daɗe ba."

Bai ƙara tambaya ba, amma na ga fuskarsa ta canza. Kunya ta kama ni, sai na mayar da ita faɗa. Na ce, "Ina haƙorinka?"

Bayan sallar Juma'a muka tafi ɗakinsa. Su uku ne a gidan, duk 'yan Arewa masu aikin albashi, ga tukunyar shinkafa da wake a kan wuta. Da ya shiga wanka na zazzage jakar nan tasa. Sanda, hular kwano, safa mai wari, sai 'yar ƙwallon. Na matsa ta, na shinshina, na duba ɗinkin ko an cusa laya. Ban sami komai ba, kuma hakan bai kwantar mini da hankali ba.

Da ya fito na titsiye shi. Ya ce mutanen Ireland ne, wani tsibiri kusa da Ingila, malaman makaranta da ma'aikatan jinya da magina. Wani abokin aikinsa ne ya gan shi kullum shi kaɗai ranar hutu ya ja shi. Na ce nawa suke biyanka? Ya ce ba a biyan kowa, ko a ƙasarsu manyan 'yan wasan da ake cika fili dominsu, washegari aiki suke tafiya. Na ce, "Nasiru, ni za ka gaya wa Bature zai bari a fasa masa kai kyauta?" Ya ce gobe in zo in gani, sun sami sabon fili nasu na kansu, gobe za a buɗe, don shi ake neman ƙasar. Sa'annan ya ce, "Inna ta ƙi ɗaga wayata. Me na yi mata?" Na ce ba ta jin daɗi ne. Na ciro baƙar ledar na miƙa masa.

Ya kwance ta a hankali. Ƙasar tasha ce, fara-fara, har da ɓawon gyaɗa a ciki. Ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Ƙasar filin ta yi fari, Yaya."

Na ce, "Rani ne."

Ya ƙulle, ya ce ya gode. Ranar bai ci shinkafar kirki ba.

Washegari muka shiga motar wani abokinsa muka fita bayan gari, inda dogayen gine-gine suka ƙare, sai rairayi da injinan gini. A bayan wata makaranta aka shimfiɗa ciyawa kore shar, da raga a kowane gefe, sandunanta biyu sun miƙe sama kamar turakun tuta. Na sa gwangwanin a aljihun 'yar ciki, don ban yarda in bar shi a masauki ba.

Wani dattijo mai jan fuska, wai shi Donal, malamin makaranta, shi ya tarbe ni. Ya kama hannuna da hannu biyu, ya kawo mini shayi da madara ba sukarin kirki. Na riƙe kofin ban sha ba sai da na ga ya kurɓi nasa. Nasiru ya ce zai yi mana tafinta, na ce a'a, na yi sakandare, don ban yarda ya tace mini magana ba. Sai dai Turancin dattijon nan kamar yana tauna dankali mai zafi, rabi nake kamawa. Haka na daure na tambaye shi me za su yi da ƙasar mutane.

Abin da na fahimta shi ne, a wurinsu kowane ƙauye da filinsa, kuma mutum garin da aka haife shi yake yi wa wasa, ba a sayensa ba a sayar da shi. Filayen da yawa sunan matattu suke ɗauke da shi, wani malami, wani limaminsu, wani wanda aka kashe lokacin da suke neman 'yanci. Na ce 'yanci daga wa? Ya ce daga Ingila. Na sa ya maimaita. Ashe Bature ma ya yi wa Bature mulkin mallaka, kuma waɗanda suka zo mana su ne suka je musu. Ya ce a babban filinsu na babban birni, a zamanin kakansa, sojoji sun taɓa buɗe wuta a kan 'yan kallo ana tsakiyar wasa, har da ɗan wasa a cikin waɗanda suka mutu, kuma yanzu wani ɓangaren filin sunansa yake amsawa. Ya ce wannan ciyawar ta nan sayo ta aka yi a naɗe kamar darduma, ba ta san kowa ba. Shi ya sa suka ce kowa ya kawo ta gida a zuba mata.

Na ce a raina bayani ya yi daɗi, amma ai boka ma ya iya bayani. Na matsa gaba-gaba inda zan ga hannun kowa.

Suka yi da'ira a tsakiyar fili. Ba kyandir, ba jini, ba wanda ya tuɓe. Mutum zai fito, ya faɗi sunan filin garinsu da wanda aka sa wa sunan, ya zuba, ya koma. Wani da kwalbar magani ya kawo tasa, wani a cikin safa. Tasu baƙa ce wuluk, mai danshi. Wata ma'aikaciyar jinya ta faɗi sunan filinsu, ta ce wanta ne ke yanke ciyawarsa har ya rasu, sai ta zuba ta koma ba ta ƙarasa ba. Ina ta jiran inda za a fara surkulle, har layi ya zo kan Nasiru.

Ya fito da baƙar ledar a hannu, bai kwance ta ba. Ya ce filin garinsu sunansa Filin Malam Garba. Ya ce mahaifinsa ne, malamin firamare, ba shi da mota ba shi da gidan bene, amma duk wanda ya zo yanka filin sai ya tarar da shi zaune a tsakiya a kan kujerar aji. Ya ce da yamma shi ke hura usur, kuma bai taɓa yi wa 'ya'yansa alfarma ba, ya kan ba ni, yayan Nasiru, jan kati fiye da kowa. Turawan suka juyo suna yi mini dariya, don gaskiya ne. Sa'annan ya ce, "Har yau yara na wasa a wurin."

Na ga ya sunkuya yana kwance ledar, ya san abin da ke ciki, kuma zai zuba ƙasar tasha da sunan Baba don kada ya kunyata ni a gaban mutane. Ban san lokacin da na ratsa da'irar ba. Na ce, "Ajiye wannan." Na ciro gwangwanin, murfin ya ƙi buɗuwa, sai da dattijo Donal ya ba ni makullin mota na ɓanɓare. Nasiru ya leƙa. Ya kai hanci. Ya juye ƙasar a kan ciyawar, ja jawur a cikin baƙaƙen nan. Hawaye suka zubo masa, ni kuma na shiga gyaran hula.

Duk da haka ban bar wurin ba da aka watse. Na tsaya in ga ko wani zai dawo ya kwashe. Wanda ya zo mai ban ruwa ne, ya ja tiyo ya jiƙa wurin, ƙasar ta nutse cikin ciyawa. Aka fara wasa, kuma kafin a tashi an fasa wa wani gira. Har gobe ban yarda da hankalin masu wannan wasa ba.

Na ɗan yi sarin kaya a Murshid don kada in dawo hannu rabbana. Nasiru ya raka ni filin jirgi, yana ta tambayata ko an gyara ragar gabas, ko bishiyar maina na nan. Na ce komai na nan.

Da na iso gida na tarar da Inna a tsakar gida tana tsince wake. Na ba ta labari tun daga Kano har tiyon mai ban ruwa, ban rage ba, har da abin da Nasiru ya faɗa a kan Baba. Ba ta ɗago kai ba. Da na gama ta ce, "Wacce ka ba shi?"

Na ce, "Ta filin."

Na zaci za ta yi faɗa. Ta ci gaba da tsintar wakenta, can ta ce, "Ka gaya masa an yanka?"

Na ce ban iya ba.

Ta ture faifan gefe, ta goge hannu da zane, ta ce in kira mata shi. Bugu ɗaya ya ɗauka, ina jin muryarsa yana ta jero gaisuwa. Ta bari ya gama.

Ta ce, "Nasiru, an ce ka zubar da haƙori a banza. To ka saurare ni. Filin babanku an yanka shi tun bara, an yi gine-gine, yayanka ya kasa gaya maka. Ƙasar da ya kawo maka ita kaɗai ce ta rage da ake wasa a kanta." Sai ta ce, "Ka riƙa zuwa kana dubawa. Kada su bar ta ba ruwa."